Daga Damagaram zuwa Jidda

Tsakanin Damagaram da Jidda akwai wajen kilomita 3300, idan an bi ta sama kai tsaye. Jirgin sama mai gudun kilomita 800 a awa yana cinye su cikin awa 4 da ƴan mintoci.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ba haka ake zuwa Makka ba. Maniyyata da ƙafa suke tafiya, ko bisa jaki da raƙumi. Sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur, su ƙetare kogin Nilu, su shiga jirgin ruwa a Sawakin. Guzuri ya ƙare, su tsaya su yi noma ko ɗinki. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sun zauna Sudan, jikokinsu na can har yau suna jin Hausa.

Jirgin sama alheri ne. Tsohon da ba ya iya doguwar tafiya, yanzu yana sauke farali ya komo gida lafiya. Amma alhajin da yakan dawo da Larabci da labarin ƙasashe. Na yau yana wuce Cadi da Sudan bai ga kowa ba sai gajimare.

Saboda haka bai kamata ɗan lakwal ya tsaya ga lissafin awa 4 ba. Ya buɗe taswira, ya bi hanyar da yatsa, ya san ƙasashen da mutanensu da harsunansu. Abin da kakanni suka koya da ƙafa, shi a aji zai koye shi.