Daga Bakin Allo: Shayin Goruba da Soɓo

A wannan wata za mu bar aji mu leƙa madafi. Dalili kuwa shi ne, wasu ɗalibanmu mata sun nuna mana hoton wani shayi a wayar salula, an jiƙa wasu 'ya'yan itace shuɗɗa masu suna bulubari a ciki, suna tambaya ina ake samunsu. Muka ce ba a nan ba. Asalinsu Amurka ta Arewa ne, suna son sanyi da ƙasa mai tsami, baƙar lakar Jazira kuwa ba za ta karɓe su ba.

Da muka ce ai muna da goruba da tsamiya da kuka, sai yaran suka yi tsuru-tsuru. Sai da muka ce dom da aradeb da gongoles sannan suka gane. Wannan ya fi rashin bulubari damunmu. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun iske itatuwan gida a nan gabas, suka ci gaba da kiransu da sunayen da suka taso da su. Ashe a hannunmu sunayen za su salwanta?

Ga kuma maganar aljihu. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya jawo tsadar sukari da ganyen shayi, sannan a watan Maris na 2025 gwamnati ta dakatar da shigo da kaya daga Kenya, wadda ta daɗe tana sayar mana da ganyen. Saboda haka ga yadda muke yi a gida.

A zuba ruwa lita 1 a tukunya, a sa dakakkiyar goruba cikin hannu guda, da ɗan gutsuren citta da kanumfari 3. A bar shi ya tafasa minti 10. Kada a yi wasa da tafasar nan, musamman in ruwan tur'a ne ko na kogi, domin ba mu manta da kwalarar 2024 ba. Sai a sauke, a zuba soɓo rabin hannu da ganyen shayi ƙaramin cokali 1, a rufe minti 5, a tace. Goruba na da zaƙinta, don haka sukari kaɗan ya isa, ganyen ma ya yi auki.

Mai son tsamiya ya jiƙa ta daban, ya tace, ya ƙara. Garin 'ya'yan kuka kuwa sai shayin ya huce ake damawa, saboda zafi na rage bitamin C da ke cikinsa. Kada a zuba madara, tsamin soɓo zai tsinka ta. Soɓo yana saukar da jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya shawarci likita kafin ya mayar da shi na kullum.

Malami ba ya tashi bai ba da aikin gida ba. Iyaye mata, daga Maiwurno har Sinja da Damazin, ku kira yara kusa da murhu, duk abin da za ku jefa a tukunya ku faɗi sunansa da Hausa, su maimaita. Larabcin ba zai gagare su ba, kasuwa da makaranta sun ɗauki nauyinsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.