Sharhi: Wa Ke Jinyar Mai Jinyar Tsohon Soja?

Tun shekarar 1960 da Ghana ta aika dakaru Kwango, sojojinmu ba su huta da aikin kiyaye zaman lafiya ba: Lebanon, Laberiya, Ruwanda. Mu da ke Tamale, inda barikin Kamina yake, mun san ba kowa ke dawowa da ƙafafunsa ba. Idan an sallami soja daga asibitin soja na 37 da ke Accra, ragowar jinyar a gida take, a unguwanni irin su Bulpiela, a hannun matarsa ko 'yarsa.

Ita ce mai wanka, mai juya shi a kan gado, mai kwana ido biyu idan ya firgita cikin dare. Sau da yawa 'yar kasuwa ce. Tafiya Paga ko Bawku ta tsaya, zubin adashi ya gagara, jari ya tafi a magani. Mu kuma abokan cinikinta sai mu ce "sannu da jinya, Allah ya ba da lada", mu wuce. Idan ta daina barci, ta rame, ta fara faɗa ba dalili, sai a ce rashin haƙuri ne, ko a ce iska.

A 2012 majalisa ta zartar da dokar hukumar tsofaffin sojoji, VAG, da kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma manyan asibitocin gwamnati uku na wannan fanni, Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Wace mai jinya za ta bar gurgu a ɗaki ta yi tafiyar kilomita 600? Amurka tun 2010 ta yi doka mai ba irin waɗannan iyalai alawus da likitan da zai saurare su, da wanda zai karɓe su na 'yan kwanaki su huta.

Ba mu ce Ghana na da aljihun Amurka ba. Sai dai akwai abin da ke kusa. Asibitin Koyarwa na Tamale na da sashen masu damuwa, kuma a 2024 aka shigar da ciwon damuwa cikin inshorar lafiya ta ƙasa. A ganinmu, abin da ya rage shi ne VAG ta riƙa rubuta sunan mai jinya tare da na sojan, ma'aikatan lafiya kuma in sun zo duba maigida su tambayi uwargida kwana nawa rabonta da barci.