Ku Daina Ɗora wa 'Yan Ruwa Laifin Mutuwar Yaranmu

Ya kai uba, ya ke uwa, da kuke zaune a Durun ko Garo ko Kabo ko Getso, kun san labarin da damina take zuwa da shi kowace shekara. Da zarar kududdufai sun cika sun batse, sai a ji yaro ya fita da hantsi, an tsamo gawarsa da la'asar. Kafin a dawo daga maƙabarta an riga an yanke hukunci, wai 'yan ruwa ne suka ja ƙafarsa. Wannan hukunci nake ƙalubalanta, domin yana sanyaya zuciyar iyaye na kwana bakwai, sannan ya bar kududdufin yadda yake, yana jiran yaro na gaba.

Ku dubi kududdufin da idon basira. Yawancinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Bakinsu a tsaye yake kamar bango, ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa, kuma zurfinsu ba ya tafiya daidai. Yaro yana tsaye ruwa iya gwiwa, taku ɗaya a gaba ruwa ya shanye kansa. Wanda ke nitsewa ba ya iya ihu, don duk lokacin da bakinsa ya ɓullo, numfashi yake nema. Abokan wasansa sai su ga ya yi sama ya yi ƙasa sau biyu ko uku, shiru, sannan ya ɓace. Abin da suke gani ke nan su ce an ja shi. Laka ce da zurfi da firgici, a jikin yaron da ba wanda ya taɓa koya masa yadda zai kwanta a kan ruwa.

Ba ina musun samuwar aljanu ba ne, kuma ba ina jayayya da ƙaddara ba ne. Amma wanda ya yi imani da ƙaddara yana kulle ƙofar gidansa da dare, yana kuma kai ɗansa asibiti in zazzaɓi ya kama shi. Me ya sa sai a bakin ruwa ne kaɗai muke naɗe hannu? Malamanmu sun daɗe suna kwaɗaitar da iyaye su koya wa 'ya'yansu iyo tare da harbi da hawan doki. Mun riƙe labarin 'yar ruwa, mun yar da wannan nasiha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nitsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Girman asarar ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da nitsewa. A nan kusa da mu, ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, mafi yawansu 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su wajen Mauludi. Lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Mu ma muna da madatsun Guzu-guzu da Magaga a wannan yanki, ga Kusalla da Challawa a Ƙaraye. Ruwa ya kewaye mu, iyo kuwa ba ya cikin darasin gida ko na makaranta.

Yanzu kuma wata sabuwar 'yar ruwa ta shigo mana ta cikin waya. 'Ya'yanku mata suna kallon bidiyon wasu 'yan mata a ƙasashen waje sanye da wutsiyar kifi mai ƙyalli, suna lanƙwasa a ƙarƙashin ruwa. Tun 1947 ake nuna irin wannan wasa a Weeki Wachee da ke jihar Fulorida ta Amurka, kuma a yau ya zama abin sha'awa da ake biyan kuɗi a koya. Ana sayar da wutsiyar a kasuwannin intanet, har da ta ƙananan yara. Ga yadda take: ƙafafu biyu ake zurawa cikin filafilin roba guda ɗaya, sannan a ja yadi mai matsewa tun daga idon sawu har ƙugu. Wato yaro ya shiga ruwa da ƙafafu a ɗaure. Ba zai iya miƙewa tsaye da sauri ba, ba zai iya bubbuga ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba. Masu ceton rai a yammacin Ostareliya sun gwada ta a jikin yaran da suka riga suka iya iyo, suka tarar ƙarfin iyonsu ya ragu da fiye da rabi. To ina ga wadda ba ta iya ba? Kai mai hali da ke kai iyalinka wurin ninƙaya na otal a Kano ranar hutu, in 'yarka ta roƙe ka wannan wutsiya, ka sani masu wasan da take kallo sun shekara suna iyo kafin su sa ta, kuma akwai mai tsaron rai a tsaye a gefe. Kada ka saya mata kwalliyar kafin ka saya mata darasin.

Na san abin da wani uba zai ce: "In na koya masa iyo, ai na ba shi lasisin zuwa kududdufi." Malam, yana zuwa tun yanzu. Bulalar da kake yi masa ta koya masa abu ɗaya, ya tafi a ɓoye, ya shanya wandonsa kafin ya dawo gida. Ita ce kuma take sa abokansa su watse da gudu su yi shiru in ya nitse, don tsoron dukan da za su sha, alhali mintoci huɗu zuwa shida ba tare da iska ba sun isa ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Ba sai da wurin ninƙaya na zamani ake koyon iyo ba. A Bangaladesh, ƙasar da ta fi mu yawan kududdufai, shirin SwimSafe yana kafa shingen gora da dandamali a cikin kududdufin ƙauye, matasan garin da aka horar su koya wa yara. Abin da ake nema kaɗan ne: yaro ya iya iyon mita 25, ya iya tsayawa a saman ruwa na daƙiƙa 30, ya kuma san yadda zai ceci wani daga tudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara irin wannan darasi daga shekara 6. Muna da masunta, muna da sarakunan ruwa da suka san kowane lungu na madatsunmu. Su ne malaman. 'Yan mata kuwa, waɗanda ake aika ɗibar ruwa da wanki, mata su koya musu a keɓe cikin sutura.

Sai dai a zaɓi ruwan da kyau. Ruwan da ke kwance, mai ciyayi da katantanwa, shi ne gidan tsargiya. Tsutsar tana fitowa daga jikin katantanwa ta huda fata ba tare da an ji ba. Ma'aikacin lafiya ya duba wurin kafin a fara, kuma duk yaron da ka ga jini a ƙarshen fitsarinsa ka kai shi asibiti. Ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma maganin praziquantel yana kashe tsutsar.

Ɗan ƙasa da shekara 5 kuma idonki ne garkuwarsa. Bokiti da baho da randa da rijiyar tsakar gida sun ishe shi hallaka. Ki kife abin da babu amfani da ruwansa, ki rufe sauran, kada ki bar yaye a hannun 'yar shekara 7.

In kuwa abin ya faru, wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa ruwa. Ya yi kururuwa, ya miƙa doguwar sanda ko igiya, ko ya jefa jarka marar komai da murfinta a rufe. In an fito da yaron ba ya numfashi, kada a tsaya danna cikinsa ko juya shi ƙafa sama don ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2, har ya farfaɗo ko taimako ya iso. Ko ya tashi yana magana, a kai shi asibiti a ranar, don huhu yana iya rikicewa bayan sa'o'i.

Kafin ruwan farko ya sauka, ku je wurin mai unguwa da limami da shugaban makaranta. Ku ƙirga kududdufan garinku, a cike wanda zai ciku, a kewaye wanda ba zai ciku ba da ƙaya ko shinge, a nemo masunci mai haƙuri da yara a sa masa rana. Aikin sati biyu ne da rani, kuma kuɗinsa bai kai na zaman makoki ɗaya ba.