RA'AYINMU: KABEWAR TURAWA DA IGIYAR NALAKO

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk ranar 31 ga Oktoba wayoyinmu kan cika da hotunan kabewa mai idanun wuta da ƙoƙon kan mutum, wai ana bikin Halowin. Har ƙannenmu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun fara sha'awar abin, suna ɗaukarsa wayewa. To, bari mu tone asalinsa.

Bikin ya samo tushe daga Samhain, al'adar mutanen Ailan ta gama kaka kafin Kiristanci, daren da suka yi imani cewa matattu da iskoki suna yawo cikin mutane. Daga baya coci ta sa Ranar Waliyyai a 1 ga Nuwamba, al'adun biyu suka cuɗanya. Talakawa kan sassaƙa fuska a jikin wani saiwar lambu, su sa wuta ciki don korar iskoki. Da yunwar 1845 ta kora su Amurka, sai suka koma sassaƙa kabewa. Ashe abin da muke gani wayewa, camfin manoma ne da 'yan kasuwa suka yi wa kwalliya.

Mu ma muna da namu. Daga goma ga azumi yara kan shafa baƙin tukunya, su yafa tsumma, su bi gida gida ana ba su hatsi ko kuɗi. Nalako kuwa, sarkin gwagwaren Kano, yakan fito da fatu da igiyarsa yana farautar marasa aure. Dodon da yaro yake kwaikwaya ya girmi zuwan Wangarawa da Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Amma kakanninmu sun cire masa tsafi, suka mai da shi wasan dariya da gyaran hali.

Abin takaici, a 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha hana tashe a Kano saboda 'yan daba da suke fakewa da shi. Mun yarda a tsare rayuka, amma ba a ƙona rumbu don ɓera. Muna kira ga masu unguwanni su tsara tashen yara da wuri, a ƙofar gida, dattawa na kallo. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero kuma su ɗauki rikoda su shiga lunguna, kafin tsofaffin da suka san wasannin su ƙare. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya sa mu gane.