SHARHI: Maganin maleriya, cikin majinyaci da fasahar nano

Daga Maitama zuwa Mpape tafiyar 'yan mintuna ce. A kan wannan tudu na Ƙaramar Hukumar Bwari, tsakanin wuraren fasa dutse, da yawa daga cikin direbobi, masu gadi, masinjoji da ƙananan ma'aikatan gwamnatin tarayya suke zaune da iyalansu. Idan damina ta kankama, zazzaɓi ya shiga gida, kemis ɗin unguwa ake fara nufa, a sayo maganin da Najeriya ta sa a gaba tun 2005, wato haɗin artemether da lumefantrine, wanda aka fi sani da Coartem.

Maganin yana da inganci, amma yana da sharaɗin da ba kasafai mai kemis ke faɗa ba. Aiki ne na tagwaye: artemether ya yi saurin karya lagon ƙwayar cutar ya fice daga jiki cikin sa'o'i, lumefantrine ya zauna cikin jini kwanaki yana share ragowar. Shi kuwa lumefantrine kusan ba ya narkewa a ruwa. Hanji ba ya tsotsar sa yadda ya kamata sai da maiƙo a ciki. Bayanin kamfanin Novartis mai yin maganin ya nuna cewa a jikin masu lafiya abinci mai maiƙo na iya ninka abin da ke shiga jini har sau 16. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a sha shi da madara ko bayan cin abinci mai mai.

A nan gizo ke saƙar. Mai zazzaɓi bakinsa ɗaci yake, abinci ba ya shiga, wani lokaci ga amai. Mai fasa dutse da ke cin abin da ya samu a ranar, idan ya kwanta jinya tukunyar gidansa ma ta kwanta. Sai a haɗiyi ƙwayar da ruwa ko baƙin shayi, sau shida cikin kwana uku, kuɗi ya fita amma wani kaso na maganin ya bi bayan gida. Zazzaɓin na iya dawowa bayan makonni, a ce maganin jabu ne. Ƙwayar cutar da ta gamu da magani rabi da rabi kuma ita ce ke koyon jure masa. An riga an tabbatar da fara bijirewa artemisinin a Ruwanda, Uganda, Eritiriya da Tanzaniya. Najeriya, mai ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, ita ce za ta fi kowa ji a jiki idan matsalar ta iso yamma.

Wannan matsala ta rashin narkewa ta shafi kimanin kashi 40 cikin ɗari na magungunan da ke kasuwa, kuma ita ce fasahar nano ke ƙoƙarin warwarewa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ya kai kimanin nanomita 80,000. Dabarun biyu ne. Ko dai a niƙe maganin ya yi laushin da ido ba ya gani, domin garin kanwa ya fi dunƙulenta saurin narkewa, ko kuma a naɗe shi cikin 'yan mitsitsin ƙwanson maiƙo ko furotin, ya shiga jiki da guzurinsa.

An ga amfanin hakan a wasu cututtukan. A 2005 Amurka ta amince da Abraxane, maganin kansa da aka lulluɓe da furotin ɗin jini, aka rabu da sinadarin narkarwa mai tayar wa majinyata da hankali. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar allura ɗaya mai ƙarfi ta amphotericin da aka sa cikin ƙwanson maiƙo domin wani nau'in sanƙarau da ke kashe masu HIV. A fannin maleriya, a watan Nuwamban 2025 Novartis ya sanar da sakamakon gwajin sabon haɗin ganaplacide da lumefantrine a ƙasashen Afirka 12. An sake sarrafa lumefantrine ɗin da wata dabara 'yar'uwar ta nano domin jiki ya fi karɓar sa, har aka mayar da shan sau ɗaya a rana.

Abin tambaya ga masu rubuta takardun manufofi a Sakatariyar Tarayya shi ne ina matsayin Najeriya. Gwamnatin Shugaba Bola Tinubu, ta hannun Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ta sa burin samar da kashi 70 na magunguna a cikin gida nan da 2030, kuma a watan Yunin 2024 shugaban ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga injuna da kayan haɗa magani. Mataki ne mai kyau, sai dai yawan masana'antu da katan-katan yake ƙirgawa. Ƙwayar da aka buga a Legas na iya ɗauke da cikakken awon sinadari amma ta kasa isar da shi jini, idan ba a iya sarrafa ta ba.

Ƙasar ba ta rasa masana. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, wadda ta samar da Niprisan na masu sikila, ta daɗe da masu bincike a wannan fanni, haka ma tsangayoyin haɗa magunguna a Zariya da Nsukka. Gibin yana tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta: kuɗin gwaji a jikin mutane, injunan da za su fitar da kaya iri ɗaya a kowane zubi, da tabbacin cewa maganin zai jure zafin shagon da ba shi da wuta. Hukumar NAFDAC kuma na buƙatar kayan aiki da ma'aikatan da za su auna abin da ke isa jini daga kowane maganin da aka kwaikwaya, kafin ta ba shi lamba. Waɗannan su ne layukan da ya kamata a nema a kasafin kuɗin lafiya da na kimiyya.

Kafin nan akwai gyaran da bai kai kuɗin taron bita ɗaya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya gano cewa maiƙo kaɗan, kimanin giram 1.2, ya isa jiki ya tsotsi kusan duk abin da zai iya na lumefantrine. 'Yan kurɓin madara ne, ko ƙosai, ko kunun gyaɗa. Sakatariyar Lafiya ta Babban Birnin Tarayya na iya sa masu kemis da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi a Mpape su riƙa faɗar haka ga duk wanda suka miƙa wa maganin, a kuma rubuta shi a jikin kwali da Hausa, Gbagyi da Turancin buroka.