"Naku Ma Sun Yi" Ba Amsa Ba Ce

Hutun da ya wuce na koma gida Tanut. Wani dare a fadarmu, shayi yana kan gawayi, sai gardama ta ɓarke a kan matatar mai ta SORAZ. Wani abokinmu da ya buɗe ido ya tarar da gidansu ƴan Nasara ne ya ce aikin Baba Tanja ne, kowa ya sani. Ɗan Tarayya ya ce to wa ya buɗe ta in ba Zaki ba? Na uku, mai ɗaure tutar ƙasa a babur ɗinsa, ya ce dukkansu ƴan amshin shatan Turawa ne, sai yanzu ne man ya zama namu. Har aka zuba shayi na uku ba wanda ya saurara wa wani. Can sai wani dattijo da ke zaune gefe, yana jiran motar Balbeji ta asuba, ya ce: "Samari, in tambaye ku mana. Ita matatar, nawa take ba ƙasar da take zaune a kanta?" Tsit muka yi. Mu bakwai ne, biyar ƴan jami'a, amma ba wanda ya iya cewa uffan.

Kunyar wannan daren ce ta sa na ɗauki biro.

Bari mu fara da abin da ba gardama a kansa. Matatar tana cikin karkarar Olelewa, kusa da Bakin Birji, wato cikin gundumar Tanut, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram. A 2008, zamanin Tanja Mamadu, aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kuma aka aza tubalin farko. Ranar 28 ga Nuwamba 2011 Isufu Mahamadu ya buɗe ta. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man yana zuwa daga Agadem ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460, ƴan Sin na da kashi 60, Nijar na da 40. Ashe dai ɗan Nasara bai yi ƙarya ba, ɗan Tarayya ma haka. Sai dai duk su biyun sun tsaya a kan wa za a yi wa kirari. Tsarin mulkin 2010, lokacin da yake aiki, ya wajabta a wallafa yarjeniyoyin arzikin ƙarƙashin ƙasa da kuɗin da suke kawowa a jaridar gwamnati, kuma a raba kuɗin tsakanin baitulmali da ƙananan hukumomi. Dokar man fetur ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗin shigar mai ga yankin da ake aikin. A cikinmu nan wa ya taɓa neman takardar da ke nuna abin da ya iso Olelewa, ko Gangara, ko Tarka, shekara bayan shekara? Ni dai ban taɓa ba. Amma na san sunayen ministocin da na tsana tun daga na farko har na ƙarshe.

Cutar da nake son in yi magana a kanta ita ce kalmomin nan huɗu: "naku ma sun yi." Ka ce wa mutum gwamnatinsa ta ci kuɗi, ba zai ce ba ta ci ba, sai ya tuna maka abin da taka ta ci. Kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru, kamar kai ne ka raba ganimar. Ɓarayi biyu sun tsira ke nan, kuma mu da aka yi wa satar mu ne muka buɗe musu ƙofa.

Ƴan Nasara, ku yi haƙuri. Baba Tanja ya yi aikin ƙauye, ajujuwa da ɗakunan shan magani na shirinsa na musamman suna nan, kuma a zamaninsa ne aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar su sami magani kyauta. Allah ya ji ƙansa. Amma mu ƴan Damargu ba mu da damar mantawa da 2005. Fara da ƙarancin ruwa sun cinye daminar 2004, ƙasar nan tamu da ayarin Abzinawa ke saukowa auno gero tun zamanin kakanni ta wayi gari rumbunanta wayam, shugaban ƙasa kuwa ya fito gaban ƴan jarida ya musanta cewa akwai yunwa. A shekarar ce kuma aka ɗora harajin kashi 19 a kan madara da sukari da garin alkama, sai da mutane suka rufe garuruwa kafin a ja da baya. Ku tambayi iyayenku mata abin da suka dafa a wannan bazarar. Sannan ga tazarce ta 2009, wadda ta kai mu ga juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010.

Ƴan Tarayya kuwa sun fi kowa iya lissafa ayyuka: gadojin sama a Yamai, shirin 3N na Nijar ta ci da kanta, Zinder Sabuwa a 2018, ita Balbeji ma a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. To, madalla. Ina jirgin ƙasan Yamai zuwa Doso da aka yi wa biki da ganguna? Ƙarafunan ba su taɓa ɗaukar fasinjan kasuwa ba. Kuma a 2017, lokacin da maganar miliyar 200 ta cinikin yuraniyom ke yawo, Nijar ta fice daga ITIE, wato ƙawancen ƙasashen da suka yarda su bayyana kuɗin ma'adinansu, sai 2020 ta koma. Mafi ciwo shi ne na ma'aikatar tsaro. A Disamba 2019 sojoji 71 suka faɗi a Inates, a Janairu 2020 wasu 89 a Shinagodar. Ƴan makonni bayan haka binciken da ita kanta gwamnati ta sa aka yi ya nuna an yi aringizon farashi da kwangilolin kayan yaƙin da ba su iso ba, ana maganar kusan miliyar 76 na sefa. Da ƙungiyoyin farar hula suka fito a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 suna neman a kai maganar gaban shari'a, mutum uku suka rasu, aka kama jagorori, wasu suka yi wata shida a tsare. Wanda ya yi tambaya shi ya riga wanda ya ci kuɗi shiga kaso. Duk lokacin nan abokaina ƴan Guri amsarsu ɗaya ce: ai a zamanin Tanja ma an yi.

Yanzu sai masu riƙe da wuƙa da nama. Na san nan ne wasu za su ninke ɗan littafin nan su ce ga ɗan koren Faransa. Ku dakata. Ni ma na yi murna da ficewar sojojin Faransa a ƙarshen 2023, kuma na sha wahalar takunkumin CEDEAO kamar kowa, na ga yadda magani da shinkafa suka yi tsada. An rage kuɗin litar fetur daga 540 zuwa 499 a 2024, an rage kuɗin asibiti, an kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. Ban ƙi a yaba ba. Amma a Fabrairu 2024 an fitar da doka wadda ta cire sayayyar ɓangaren tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangila da na binciken kuɗin gwamnati. Ku sake karantawa. Ƙofar da miliyoyin 2020 suka bi suka fita, ita ce aka ɗage wa labule, aka kuma sallami mai gadi. In ɓarnar jiya ta ba mu haushi da gaske, me ya sa wannan bai ba mu tsoro ba? A Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyu, aka ɗiba wa mulki shekara biyar. Majalisar dokoki da aka zaɓa babu. To kansilan da a da kake iya tarewa a kasuwar Tanut ka ce masa ina rijiyarmu, yanzu wa za ka tare?

Ana cewa ƙasa na cikin yaƙi, ba lokacin tambaya ba ne. Gaskiya ne ana yaƙi, kuma ƴan'uwanmu ne ke mutuwa a daji. Amma ai a 2020 ma yaƙi ake, kuma da wannan hujjar aka so rufe mana baki a lokacin. Sojan da ke Tilaberi ya fi kowa bukatar a ƙirga kuɗin bindigarsa. Zancen ƙasa ne, na yarda. Kuɗin ƙasa ma zancen ƙasa ne.

In kuna son ganin irin rigar da muke sauyawa, ku dubi Musa Cangari na ƙungiyar Alternative. An kama shi a 2015, an sake kama shi a 2018 kan adawa da dokar kasafin kuɗi, duk a zamanin Isufu. A Disamba 2024 aka kuma kama shi. Na san mutanen da suka yi ta kumfar baki a 2018 suna cewa zalunci ne, yau suna cewa ai shi ya ja wa kansa. Na kuma san waɗanda suka yi tafi a 2018, yau su ne masu hawaye a WhatsApp. Shi mutumin bai sauya ba. Hausawa suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, mu kuma fadancinmu ko ladan goro babu.

Sai abin dariya mai ban haushi. A Maris 2025 aka shiga ƙarancin mai a ƙasar nan, layin motoci da babura har a Damagaram, ga matata a bayan gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: shekara da shekaru man ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya shi ke cike giɓi, da aka cire tallafi a can a 2023 ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai, SORAZ ta kasa ɗaukar nauyin. Gwamnatoci nawa suka wuce suna kallon kwalaben nan a bakin titi? A fada kuwa abin da muka tattauna shi ne laifin Bazum ne ko na Cani.

Kamarad, ban ce ka bar wanda kake so ba. Ka so shi, amma ka riƙe biro. Sa'ad da aka ce an sayar da hatsi mai rahusa, tambayi tan nawa aka turo gundumarku, buhu nawa ya isa ƙauyenku, kuma a hannun wa. Sa'ad da aka ce an gina ajujuwa, je ka ƙirga rumfunan zana da ƙannenka ke zama a ciki. Mu da muka iya karanta takardar Faransanci, wannan ne ɗan abin da za mu iya biyan iyayen da suka sayar da akuya suka turo mu lakwal.

Dattijon nan, da motarsa ta zo, na bi shi na ce: "Baba, in Allah ya yarda hutu mai zuwa zan kawo maka amsa." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ranar kasuwa yakan shigo Tanut, kuma ba ya mantuwa.