Achiuwa namu ne, amma Toppin ya fi shi

Jama'a, tun jiya ake caccaka ta a majalisa don na ce Knicks sun tafka kuskure da suka rabu da Obi Toppin. Wai ba ni da kishin ƙasa, tunda Precious Achiuwa ɗan Fatakwal ne. To kishin ƙasa ne ke jefa ƙwallo a kwando?

Aiki ɗaya suka yi wa Knicks: jiran Julius Randle ya gaji su shiga lamba huɗu. A 2023 aka sallama Toppin ga Indiana a kan zaɓi biyu na zagaye na biyu, kuɗin goro kawai. Achiuwa ya zo daga Toronto ƙarshen shekarar. Ba na hana shi nasa, ya iya tsaro, kuma ban manta yadda ya tare Kevin Durant ba ranar da D'Tigers suka doke Amurka 90 da 87 a 2021. Amma lokacin da yake Knicks, in ya tsaya a layin maki uku ko kallonsa ba a yi, sai a cushe ƙarƙashin kwando a hana Brunson shiga.

Toppin kuwa ga gudu ga jifan nesa. Indiana ɗinsa ce ta fitar da Knicks a 2024, ta maimaita a 2025. Karo na biyun, yawanci daga benci Achiuwa ya kalla.